Babi na Shida: Daga Dokar Nafata zuwa Keken Tela

'Yan shekaru kafin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, Sarkin Gobir Nafata ya sa aka yi shela a ƙasarsa. Cikin abubuwan da shelar ta hana, biyu sun shafi tufa: kada namiji ya ƙara naɗa rawani, kada mace ta ƙara yafa mayafi. Ba tsadar ƙyalle ce ta dami sarki ba. Jama'ar Shehu ce ta yi yawa, har ta kai ana gane ta tun daga nesa, maza da rawani, mata a lulluɓe. Mai mulki yana iya kau da kai ga wa'azin da ake yi cikin zaure, amma ranar kasuwa in ya ɗaga ido ya ga yawan kawunan da suka fita daga hannunsa, barci ba zai ɗauke shi ba. Dokar ba ta hana komai ba. Nafata ya rasu, ɗansa Yunfa ya gaje shi, a 1808 Alƙalawa ta faɗi.

Wannan labari ba na nesa ba ne ga mutanen Galma Kudawace, ƙaramar hukumar da ke cikin gundumar Madawa a jihar Tawa. (Galma fa na ce, ba Galmi da albasa ta ɗauki sunanta ba, ko da yake duk yankin da albasa ake rufa asiri.) A Maratta aka haifi Shehu a 1754, Maratta kuwa tana cikin jihar Tawa ta yau. Malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda zafin wa'azinsa ya hana shi zama lafiya da masu mulkin zamaninsa, a wajen Madawa ya cika. Saboda haka duk wanda ya ce gardamar lulluɓi baƙuwa ce a ƙasar nan, daga Saudiyya ko Kaduna aka shigo da ita jiya, bai san tarihin gidansu ba. Gardamar ta haura shekara 200. Abin da yake baƙo shi ne ɗinkakken hijabin nan mai zagayen fuska, wanda ake zurawa ta ka ya sauka har gwiwa ko idon sawu. Shi kam, da yawa daga cikin matan da suke sa shi yau sun girme shi a garuruwansu.

A tambayi kowace tsohuwa daga Madawa har Buza da Keita yadda ta tashi ta ga iyayenta mata suna shiga, amsar kusan ɗaya ce. Zane ne ake ɗaurawa a ƙirji, a ɗaura adiko a ka, in za a fita unguwa ko gaisuwar mutuwa a ɗauki zane na biyu a yafa. Mai hali tana da baƙin zane na rini mai sheƙi, irin wanda ake kawowa daga ƙasar Kano, wanda yake barin shuni a jiki, kuma shunin nan kansa ado ne. Budurwa ba ta lulluɓi. Kitsonta a waje yake, da shi take zuwa dandali. Ranar da aka ga yarinya ta fara yafa zane ta sunkuyar da kai, an san an ɗaura mata aure. Lulluɓi a wancan zamani yana gaya wa mai kallo abu biyu kafin ya gaya masa komai game da ibada: wannan matar wani ce, kuma gidansu yana da abin da zai hana ta shan rana. Matan malamai da na sarakai da na attajirai su ne a kulle, su ne ba a ganin fuskarsu sai da dare. Matar talaka tana gona, tana rijiya, tana daji wajen itace.

Akwai kuma wani gefe na zancen da ba a son tonawa. A ƙasar da aka yi bauta, fita aiki kai a buɗe alama ce ta baiwa, zama cikin gida da rufe jiki kuwa alama ce ta 'ya. Masu binciken tarihi irin su Barbara Cooper, wadda ta yi aiki kan aure a Maraɗi, sun nuna yadda bayan faɗuwar bauta mata da yawa suka rungumi lulluɓi da zaman gida don su raba kansu da wancan matsayi. Wato tun kafin wa'azin zamani ya iso, akwai wani abu a zuciyar mutane da yake cewa rufaffiyar mace ita ce mai daraja. Wa'azin ya tarar da ƙasa a jiƙe.

Hanyar da hijabi ya biyo ba ɓoyayya ba ce, ita ce hanyar 'yan ci-rani. A 1978 aka kafa ƙungiyar Izala a Jos ƙarƙashin Shaihu Isma'ila Idris, da goyon bayan Shaihu Abubakar Gumi, wanda tafsirinsa a rediyon Kaduna ake kama shi har cikin Adar, yankin Tawa. Cikin abubuwan da ƙungiyar ta dage a kai akwai karatun matan aure. Ta buɗe makarantun Islamiyya, ta ce wa maza su bar matansu su je. Nan matsala ta taso: matar da take a kulle, yaya za ta ratsa unguwa da rana tsaka ta je makaranta? Hijabi ne ya warware wannan ƙulli. Elisha Renne, wadda ta bi tarihin abin a Zariya, ta nuna yadda yaɗuwarsa ta tafi kafaɗa da kafaɗa da waɗannan makarantu. Wannan batu ne da masu sukar hijabi daga nesa suke yawan tsallakewa. Ga dubban mata a Zariya da Kano da Sakkwato, hijabi bai shigar da su ɗaki ba. A ɗaki ya tarar da su, shi ya fito da su.

A Nijar abin ya ɗan jinkirta. Gwamnatin Seyni Kountché ta kafa ƙungiyar Musulunci guda a 1974, ta riƙe linzamin wa'azi da hannu biyu. Sai da iskar dimokuraɗiyya ta kaɗa, aka yi babban taron ƙasa na 1991, sannan ƙungiyoyi suka fito fili, ciki har da ADINI-Islam ta masu ra'ayin Izala. Amma kafin takardar izini ta fito daga Yamai, kaset ya riga ya iso ƙauye. Saurayi ya gama girbi ya tafi Kano ko Legas ko Abijan, ya yi dako ko tallar shayi ko gadi, ya dawo gab da damina da rediyo mai cin kaset, da wando ɗangalalle, da ƙabalu a sallah, da hijabi biyu cikin jaka, ɗaya na matarsa, ɗaya na ƙanwarsa. Alhazan Maraɗi suka gina masallatai da makarantu. Kasuwar Illela, tsallaken Ƙonni, ta cika da yadi.

Ba a yi masa maraba da hannu biyu ba. Matan farko da suka sa shi sun sha ba'a. A bakin rijiya ana ce musu matan 'yan Izala, ana tambayarsu ina za su da wannan tanti. Amma ba'ar ba ita ce zuciyar rikicin ba. Abin da ya yi wa tsofaffi ciwo shi ne hukuncin da suka ji yana ɓoye cikin ƙyallen. Uwar miji ta shekara 40 tana sallah da zanenta, ta yi azumi, ta aurar da 'ya'ya, wataƙila har ta sayar da akuyoyi ta je Makka, sai ga sarakuwarta 'yar shekara 16 ta shigo gida a lulluɓe har ƙasa, mijinta yana cewa haka addini ya ce. Ai maganar a fili take: wato ke duk shekarun nan tsirara kike yawo. Kalmar da ta fi fitowa daga bakin iyaye a lokacin ita ce: "To mu da munka haife ku, kahirai muke?" Gidaje sun rabu kan wannan, kamar yadda suka rabu kan sadakar bakwai da ta arba'in, da durƙusa wa iyaye, da rage kayan biki. Adeline Masquelier ta ga irin wannan ja-in-ja a Dogonduci, ta rubuta littafi a kai da ya fito a 2009, kuma wanda ya san ƙauyukan Madawa zai gane fuskokin da ke cikinsa ko da sunayen garuruwan sun bambanta.

Malaman zaure, mabiya Tijjaniyya da Ƙadiriyya, ba su taɓa cewa mace ta fita kai a buɗe ba. Ayoyin da ake kafa hujja da su, ta 31 a Suratun Nur da ta 59 a Suratul Ahzab, sun san su tun kafin a haifi masu kaset. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajirin fiƙihu a ƙasar Hausa ya bi ta kanta, ta fayyace abin da mace za ta sa ta yi sallah: riga mai kauri da ta rufe har bayan ƙafa, da abin lulluɓe kai. Abin da suka ce shi ne zane da mayafi sun wadatar, babu littafin da ya ba tela awo. Da gaskiyarsu ta fuskar fiƙihu. Sai dai ba a zauren malamai aka yanke wannan shari'a ba, a kasuwa aka yanke ta.

A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsalle, atamfa mai kyau ta fi ƙarfin talaka. Mace kuwa ba ta zuwa suna ko biki da zanen da aka gan ta da shi a bikin da ya wuce ba tare da an yi da ita ba. Sai ga wata tufa da ake ɗinkawa da yadi biyu ko uku na roba mai araha, wadda take rufe komai: kodaɗɗen zane, rigar da ta sha faci, kitson da ya kwana biyu ba a sabunta ba, ramar da rani ya jawo. Ba na cewa talauci ne ya sa mata hijabi, don matan attajirai ma sun sa, kuma mafi yawan masu sa shi in ka tambaye su Allah za su ambata, da zuciya ɗaya. Abin da nake cewa shi ne samun lada da rufin asiri sun haɗu cikin abu guda, kuma abin da ya haɗa waɗannan biyu ba ya buƙatar mai talla.

Ɗinkinsa ma ba wuya. Ka tsaya rumfar tela ranar kasuwar Madawa ka gani. Zai ninka yadin biyu, ya shimfiɗa a tabarma, ya ja alli ya zana rabin da'ira, almakashi ya bi. A kusurwar sama ya yanke wurin fuska, ya ɗinka wata 'yar tsiri da za ta kama goshi, wani ya sa roba ko igiyar ɗaurewa ta bayan kai, sannan ya bi gefen da kalmasa. Ba aljihu, ba maɓalli, ba hannu. Awo ɗaya ne yake da muhimmanci, daga goshi zuwa haɓa, shi ma sau da yawa ba mai hijabin ake aunawa ba: miji ne ko yaro zai zo da tsohon hijabinta a leda ya ce a yi kamar wannan, a ƙara tsawo kaɗan. Yaron tela da bai iya wuyan riga ba tukuna yana iya fitar da hijabi. Shi ya sa ko ƙauyen da ba shi da kanti yana da mai ɗinka shi.

Daga nan sai ma'auni ya juya. Wadda ake yi wa dariya jiya ta zama ita ce daidai, wadda ba ta sa ba ta zama abin nuni. Juyin bai zo da lalama ba ko'ina. A farkon shekarun 1990, a Damagaram da Yamai, an tare 'yan mata masu sa buje a titi da kasuwa, an dake su, an yaga musu tufa, ana cewa shigarsu ce ta hana ruwan sama sauka. A lura, shekarun nan ne kuma matan Yamai suka yi tattakin 13 ga Mayu 1991, saboda mace ɗaya tal aka sa cikin kwamitin shirya taron ƙasa, ranar da ta zama ranar matan Nijar. Ƙofa ɗaya ce ta buɗe, kowa ya fito ta cikinta. A watan Nuwamba na 2000, da mai tsara tufafi Alphadi ya kawo bikinsa na nunin tufafi, FIMA, kusa da Yamai, zanga-zanga ta ɓarke a Yamai da Maraɗi, aka ƙona wurare, gwamnatin Tandja Mamadou ta rusa wasu ƙungiyoyin addini. A daidai lokacin, tsallaken iyaka, Zamfara ta Ahmad Sani Yariman Bakura ta ƙaddamar da shari'a, jihohin arewa suka bi, hijabi ya shiga kayan makarantar 'yan mata. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Nijar ba ta taɓa yin dokar tilasta hijabi ba, tsarin mulkinta na wancan lokaci ya raba addini da gwamnati, amma a ƙauye ba a buƙatar doka. Idon maƙwabta ya isa.

Wanda ya ɗora fari a kan bujen yarinya ya zaɓi mai laifin da ba ta iya ramawa. Bai tare mai ɓoye hatsi ba, bai tare mai ba da bashin albasa da riba ninki ba, bai tare wanda ya tafi ci-rani shekara uku ba aike ba. Tufar mace ita ce laifin da ya fi sauƙin gani da sauƙin hukuntawa, shi ya sa kowane zamani ake komawa kanta.

Yau a Galma, kamar sauran garuruwan yankin, da wuya ka ga matar aure ta fito ƙofar gida ba hijabi, kuma ba a ƙara tambayar ko mijinta ɗan Izala ne ko ɗan ɗariƙa. Matar liman tana sawa, mai tuwon sayarwa tana sawa, 'yar talla tana sawa da farantin goro ko gyaɗa a bisa kai. Har yarinyar da ba ta daɗe da yaye ba za ka gan ta da ɗan guntun hijabi ya karkace, kunne ɗaya a waje, tana wasan ƙasa ba takalmi. Iyaye suna cewa don ta saba ne. Tsohuwar alamar da ke raba budurwa da matar aure ta shuɗe, abin da har yanzu wasu tsofaffi suke gunaguni a kai, wai yanzu saurayi sai ya yi tambaya kafin ya yi sallama.

Sai dai yaɗuwar hijabi ba ta zo da yaɗuwar hutu ba. Nan ne ƙauyen Adar ya bambanta da birnin Kano. Ƙasar da mazanta suke watsewa da rani, mata ne suke riƙe da ita. Aikin raya karkara na Keita, wanda aka fara a 1984 da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, ya tsaya ne bisa wuyan mata: su suka ɗauki duwatsu a ka, suka jera su a gangaren tuddai don tare zaizayar ƙasa, suka haƙa ramukan dashen itace, ana biyan su da abinci. 'Ya'yansu da jikokinsu suna nan suna irin wannan wahala, sai dai yanzu da ƙarin yadi uku a jiki. Ka dubi mace a garkar albasa lokacin dashe. Ta tattare gaban hijabin ta jefa shi bayan kafaɗa, ko ta murɗe shi ta ƙulle a ƙugu, goyo yana ƙarƙashinsa, ƙafafun jaririn kaɗai ke leƙowa. Ta duƙa tana soka irin cikin laka, zufa tana bin zagayen fuskar har ƙyallen ya yi duhu a goshi. In ta hango namiji baƙo ya nufo, sai ta miƙe ta sake shi ya zubo. In ya wuce ta sake tattarewa. Yadin roba ba ya shan zufa, kuma zafin watan Afrilu a wannan ƙasa ba sai an ba kowa labari ba. Waɗanda suka zaɓa mata wannan yadi ba su taɓa yini da shi a rana ba.

Akwai haɗarin da ba a faɗa a wa'azi, amma duk ɗan kabu-kabu ya san shi. Bakin dogon hijabi yana shiga cikin wayar ƙafar babur ya fizgo mace ta baya, ta wuya. Shi ya sa za ka ji mai babur, kafin ya tayar, yana cewa: "Hajiya, tattara hijabinki." Haka mai injin niƙa yake korar 'yan mata daga kusa da bel. Malamin da zai ware minti biyu cikin hudubarsa ya ce wa mata tsawon da ya kai ga halaka ba shi ne taƙawa ba, zai ceci rai.

Sai kuma aka shiga zamanin da lulluɓin kansa ya zama abin tsoro. Da Boko Haram ta fara ɗaura wa 'yan mata bam ƙarƙashin hijabi tana tura su kasuwanni da tashoshin mota, mace mai dogon hijabi ta wayi gari ana matsawa daga kusa da ita. Chadi ta hana rufe fuska a watan Yuni na 2015 bayan harin Njamena, a watan Yuli hukumomin Diffa suka bi sahu. A ƙarshen shekarar, Shugaba Muhammadu Buhari ya faɗa a wata hira da 'yan jarida cewa in hare-haren suka ci gaba za a iya duba batun hana hijabi, maganar da ta tayar da ƙura har fadarsa ta fito ta ce ba a hana ba. Yankin Madawa yana nesa da Diffa, amma labari ba ya neman mota. Niƙabi, wanda dama bai samu karɓuwa sosai a ƙauye ba, ya ƙara zama abin ɗari-ɗari. Mutanen karkara suna son su san wa ya shigo gari, 'yar wa ce, matar wa ce. Macen da ba a ga fuskarta ba, ba a san yadda za a gaishe ta ba.

Ɗan Galma da yake sauraron BBC ko RFI da Hausa yana jin wata gardamar dabam, wadda take ba shi mamaki. A Faransa, tun rikicin 'yan mata uku na makarantar Creil a 1989, aka yi ta ja har aka kafa dokar 2004 da ta hana ɗan kwali a makarantun gwamnati, aka ƙara da ta 2010 kan rufe fuska, a 2023 aka hana abaya a makaranta. A Najeriya, an hana Firdausi Amasa shiga bikin rantsar da lauyoyi a Abuja a watan Disamba na 2017 saboda ta ƙi cire hijabi, sai a Yulin 2018 aka rantsar da ita da abinta. Shari'ar 'yan makarantar Legas ta kai har Kotun Ƙoli, wadda a 17 ga Yuni 2022 ta ce suna da 'yancin sawa. A can, yarinya tana faɗa ne don a bar ta ta shiga aji da hijabi. A nan, lakwal, wato makarantar bokon da aka gada daga Faransar, ita ce take cike da 'yan mata masu hijabi, mushe, wato malamin aji, bai ce komai ba, madam ɗin ma da nata. Uba da yawa da yake ganin lakwal wurin lalacewa ne ya saki 'yarsa ta tafi saboda ya gan ta a rufe. Hijabin yana kai ta aji. Abin da ba ya iyawa shi ne ya zaunar da ita a can: binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matasan matan Nijar an aurar da su kafin su cika shekara 18.

A nan ne nake ganin an yi rabin aiki aka tafi hutu. Lokacin da Shehu yake yawon wa'azi a ƙasar Zamfara, wani malami, Mustafa Goni, ya tare su da waƙa yana zargin sa da barin mata suna halartar majalisinsa. Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya mayar da amsa, kuma Abdullahi ya adana labarin cikin Tazyinul Waraƙati. Gundarin amsar shi ne ba cakuɗa ake yi ba, kuma ko da akwai abin ƙi cikin fitowar mata, barin su cikin jahilci ya fi shi muni. A Nurul Albabi Shehu ya caccaki malaman da suke karantar da almajirai suna barin matansu da 'ya'yansu mata ba su san komai ba. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru: tana naɗa jaji, dattijuwa, ta ba ta malfa, ita kuma ta jagoranci matan ƙauye su zo ɗaukar karatu su koma su koyar. Masu Islamiyyar shekarun 1980 ma, duk abin da za a ce game da su, da littafi suka haɗa hijabin. Ƙyallen ya isa kowane gida saboda yana da araha kuma ana ganin sa daga nesa. Karatun yana buƙatar malama, da alli, da lokacin da mace za ta ajiye taɓarya, da mijin da zai yarda tuwon dare ya makara. Inda aka samu waɗannan, ana ganin bambanci: matar da take karanta Ahalari da kanta ba ta jiran a gaya mata abin da yake karya alwala, kuma irinta ce take iya tambayar liman rabonta na gado. Inda ba a samu ba, an dai canza wa jahilci riga.

Su kuwa 'yan matan yanzu sun karɓi abin sun mai da shi nasu ta hanyar da masu kaset ba su zata ba. Hijabin farko baƙi ne ko ruwan toka ko ruwan ƙasa, an yi shi ne don ido ya wuce bai tsaya ba. Na yau akwai ruwan hoda, da ruwan goro, da shuɗi mai haske, akwai mai leshi a baki, da mai duwatsu a goshi, da mai hannu, da wanda aka ɗinka ya dace da launin takalmi. Ƙawayen amarya suna yin ankonsa. Ya shiga lefe, ana ƙirga shi kamar yadda ake ƙirga turamen atamfa, kuma dangin amarya suna iya ɓata rai in suka ga an kawo mai arahar yadi. Wadda ta je Maraɗi ko Tawa karatu tana dawowa da abaya da siririn gyale, tana naɗa shi yadda ta gani a TikTok, sai a ce ta zama 'yar birni. Yanzu wa'azin da yake yawo a WhatsApp ba kan a sa hijabi ba ne, kan tsawonsa ne da kaurinsa da launinsa, da turaren da aka fesa masa, da hoton da aka ɗauka da shi. Tsohuwar da aka ce wa zanenta bai isa ba shekara 30 da suka wuce tana zaune a tsakar gida tana jin ana ce wa jikarta hijabinta bai isa ba.

Tela dai bai shiga gardamar ba. Gab da sallah yana ɗinka dogo har ƙasa ga wadda mijinta ya aiko, ya ɗinka mai tsayawa a ƙugu ga wadda ta zo da kanta, kuɗin ɗinkin kuma kusan ɗaya ne.